Tsohuwar Bindigar da Ta Hana Daudawa Barci

A Daudawa, garin auduga da ke ƙaramar hukumar Faskari, ba sai mutum ya yi aikin soja ba yake iya bambance ƙarar bindiga. Ta toka tsawa ɗaya take yi, hayaƙi ya turnuƙe, sai shiru har mai ita ya sake ɗuri. Wadda ke sa uwa ta goya ɗa cikin dare ta nufi gonaki kuwa, ita ce AK-47, mai zubo harsashi ba ƙaƙƙautawa.

Wannan bindiga ta girmi Najeriya mai 'yancin kai. Mikhail Kalashnikov ya kammala ƙirarta a 1947, sojojin Tarayyar Sobiyet suka karɓe ta a 1949, aka sake mata fasali a 1959, Sin ma ta riƙa ƙera tata tun 1956. Amma da irinta 'yan bindiga a kan babura suka dira makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020, suka kora ɗalibai fiye da 300 cikin daji.

Sirrinta yana cikin sauƙinta. An bar 'yar tazara tsakanin ƙarafunan da ke motsi a cikinta, saboda haka ƙurar hunturu da taɓon damina ba su cika sa ta cije ba. Gidan harsashinta na cin 30. Yaron da bai taɓa zama a aji ba yana iya koyon kwance ta da haɗa ta a yini guda. Masana na kushe ta da cewa in an wuce mita 300 saitinta ya fara rauni, kuma gaskiya ne. Sai dai a dazukan da suka haɗa Faskari da Sabuwa da Zamfara, ko cikin dawa da ta fi mutum tsawo a watan Satumba, wa yake hango abokin gaba daga mita 300? Faɗan nan na kurkusa ne, na kwanton ɓauna da gudun babur, wato daidai inda ta fi ƙarfi.

Su ma jami'an tsaro tsofaffin hannu suke riƙe da su. G3 ta Jamus da FAL ta Beljiyam duk ƙirar shekarun 1950 ce. Sun fi AK cin zango, sun kuma fi ta nauyi da tsawo. Ko a Yukiren, inda jirage marasa matuƙa suka cika sararin sama, an ga sojoji na amfani da bindigar Maxim, wadda aka ƙirƙiro a 1884.

Abin da ya fi ciwo shi ne ratar da ke tsakanin mai hari da mai kare gida. Ɗan banga da harba-ka-ruga yana da harbi ɗaya, maharinsa yana da 30, wani ma yana saɓe da mai jigida. An yi asarar jarumai da yawa a wannan rata, kuma tana cikin abin da ake fatan rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 za ta rage.

Bindiga irin wannan na iya shekara 50 tana aiki, shi ya sa waɗanda suka fantsamo daga rumbunan makaman Libiya bayan 2011 za su daɗe tare da mu. Harsashi ne ke ƙarewa, haka ma man babur, kuma dukkansu sai an kai su daji ta hanya. Wannan lissafi ne ya sa gwamnatin Masari, gwamnan da ya gabaci Raɗɗa, a 2021, ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara.