Surame: Birnin Dutse da Kanta Ya Bari a Bakin Gulbin Rima

Idan ka tsaya a shataletalen Gawon Nama da safe ka tambayi ɗaliban da ke hanzarin zuwa makaranta yaushe aka kafa Sakkwato, da yawa za su amsa maka cewa a 1809 ne, kuma Muhammadu Bello ne ya kafa ta. Amma ka ce da su, "Ina ne Surame?" sai ka ga an fara kallon juna. Alhali kuwa wannan kufai yana cikin jiharsu, a yankin ƙaramar hukumar Binji, yamma da birnin Sakkwato, kuma ya girmi birnin da kusan shekara 300.

Wanda ya gina Surame shi ne Muhammadu Kanta, jarumin da ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16. Da farko Kanta yana tare da Askiya Muhammadu, sarkin daular Songhai, har ya raka shi yaƙin Agadas. Da aka dawo sai rigima ta tashi a kan rabon ganima. Wajen 1516 Kanta ya ce ya daina bin Songhai, wadda a lokacin babu daular da ta kai ta ƙarfi a yammacin Afirka. Wanda ya tsokani zaki kuwa dole ya nemi mafaka mai ƙwari. Surame ita ce wannan mafaka.

Me ya sa ya zaɓi wannan wuri? Amsar tana cikin gulbi. Ruwan Rima da na Sakkwato suna haɗuwa kusa da birninmu, su gangara yamma, su bi ta Argungu da Birnin Kabi har su faɗa Kwara. A tsakani akwai fadama mai faɗi. Da damina ruwa kan malale ta, dawakin abokan gaba su kasa ratsawa, amma Kabawa masu kwalekwale su wuce abinsu. Da rani kuma ga kifi, ga shinkafa, ga ciyawar dabbobi. Wato gulbin ya zame wa birnin garkuwa, ya kuma zame masa rumbu.

Abin da ya bambanta Surame da sauran biranen ƙasar Hausa shi ne ganuwarta. Ta Kano da ta Katsina da ta Zariya da jar ƙasa aka gina su. A Surame kuwa an jera duwatsu an haɗa su da ƙasa, ganuwa cikin ganuwa, an kewaye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 9. Ba injin ɗaga kaya, ba mota, sai kai da kafaɗa da bayan jaki.

Dattawa suna da labarai a kan wannan aiki. Suna cewa Kanta ya ɗora wa ƙasashen da ke bin sa su aiko da ma'aikata, kowa da nasa yanki na ganuwa. Wai Nufawa sun iso a makare, sai ya hukunta su da cewa da man kaɗe za su kwaɓa ƙasarsu maimakon ruwa. Wannan labarin baka ne da aka gada kaka da kakanni, amma yana nuna irin kwarjinin da Kanta ya bari a zukatan mutane.

Ganuwar ta yi aikinta. Songhai ta kawo yaƙi ta koma ba nasara. Mai na Barno ma ya zo da rundunarsa ya kewaye Surame, bai ci ta ba. Kanta ya bi sawunsa har wajen Nguru. A hanyar komawa gida ne aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu a tsakiyar ƙarni na 16, aka kai gawarsa Surame aka binne.

To, ina birnin ya tafi? Bayan Kanta, ƙarfin Kabi ya riƙa raguwa sannu a hankali. Gobirawa da Zamfarawa da Azbinawa suka matsa mata lamba, har a farkon ƙarni na 18 Kabawa suka bar Surame suka koma Birnin Kabi. Wannan ma ta faɗa hannun masu jihadi a 1805, daga baya sarautar Kabi ta zauna a Argungu. Shi ya sa gidan tarihin da ke Argungu yake ɗauke da sunan Kanta.

Yau Surame kufai ce. Itatuwa sun tsiro inda aka yi fada da kasuwa, amma jerin duwatsun ganuwar suna nan. A 1964 gwamnatin Nijeriya ta ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa, a 2007 kuma aka shigar da shi jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. Sai dai takarda ba ta tsare ganuwa. Kowace damina ruwa na zaizayar ƙasar da ta riƙe duwatsun, saiwar itatuwa na tsaga su. Dutsen da ya faɗi kuma, in ba wanda ya san darajarsa, gobe sai ya zama harsashin ɗakin wani.

Nan ne aikinku yake, manyan gobe. Ba sai kun je Surame da kanku ba, musamman ganin halin tsaro a wasu ƙauyuka. Irin wannan ziyara sai da malamai da izinin hukuma. Amma kuna iya farawa daga gida. Ku roƙi malamin tarihi ya kai ajinku Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke nan Sakkwato. Ku zana taswirar gulbin Rima, ku sa Sakkwato da Surame da Argungu da Birnin Kabi. In akwai Bakabe a unguwarku, ku zauna da shi ku rubuta abin da ya ji daga kakanninsa game da Kanta, ku aiko mana.

Askiya bai rushe Surame ba, Mai na Barno ma bai rushe ta ba. Kada mu bari mantuwa ta yi abin da ya gagare su.