Linzami da Kamazuru: Yadda Ake Sarrafa Doki Mai Ƙarfin Baki

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa yakan ci karo da kalmar linzami tun bai taɓa hawa doki ba. Yana jin ana cewa “a ja masa linzami”, ko “linzami ya fi ƙarfin bakin kaza”. Kalmar aro ce daga Larabci, kamar sirdi da likkafa. Wannan takarda za ta bayyana yadda abin yake aiki a bakin doki, ta hanyar kwatanta linzaminmu na gargajiya da wani na Ingila mai suna Pelham.

2.0 Linzamin Gargajiya

Tsakanin haƙoran gaba na doki da turamensa akwai giɓi, dasashi ne zalla. A nan ƙarfen linzami yake zama, bisa harshe. Igiyar da mahayi ke riƙewa ita ce kamazuru. Ragama kuwa daban take, domin ba ta da ƙarfe a baki.

Linzamin da maƙeranmu ke ƙerawa yana da wani harshe na ƙarfe da ke tashi ya taɓa ganɗa, da zobe da ke kewaye muƙamuƙin ƙasa. Da an ja kamazuru, sai bakin ya matsu sama da ƙasa lokaci guda. Dalilin wannan tsanani shi ne yaƙi: barde yana riƙe kamazuru da hagu, dama na ɗauke da mashi ko takobi, don haka dole doki ya tsaya nan take. Wannan tsayawa ce ake gani a jafi ranar hawan daushe a Kano, cikin hawan sallar da UNESCO ta sa a jerin al’adun duniya a 2024. Al’adar ba ta tsaya a ƙasar Hausa ba. In mutum ya haye Kwara daga Gaya zuwa Malanville, inda Garou take, ya yi kudu har Nikki, zai tarar da mahayan Bargu suna sukuwa da tsayawa irin wannan a bikin Gani.

3.0 Linzamin Pelham

Wannan linzami ya shahara a wasan ƙwallon dawaki, wasan da Katsina ta yi suna a kansa tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo. Ƙarfe ɗaya ne a baki, amma kowane gefe yana da sanda mai zobe biyu, da sarƙa da ke ratsa ƙarƙashin haɓa. Kamazuru biyu ake ɗaura masa.

Na sama yana daidai da baki. In an ja shi, matsin yana sauka kan harshe da dasashi da gefen leɓe, gwargwadon ƙarfin hannu. Da shi ake juya doki, da shi ake tafiyar yau da kullum.

Na ƙasa yana a ƙarshen sandar. In an ja shi, sandar tana juyawa, sarƙa ta kama haɓa, madaurin kai ya danna ƙeya. Sandar tana ninka ƙarfin hannu, kuma iya tsawonta iya zafinta. Wannan na tsawatarwa ne: a ja, doki ya sassauta, a saki nan da nan.

4.0 Ƙa’idojin Amfani

Na farko, a murɗa sarƙar ta kwanta sumul, kuma kada ta kama sai sandar ta karkata kimanin digiri 45. In ta matse fiye da haka, doki ba shi da hutu. In ta yi sako-sako, aikinta ya ɓaci.

Na biyu, ɗan ƙaramin yatsa ya raba kamazurun biyu, na ƙasa ya ɗan fi saki.

Na uku, wasu kan haɗa zoben biyu da guntuwar fata su ɗaura kamazuru ɗaya. Ya fi sauƙin riƙo ga ɗan koyo, amma lallashi da tsawa sun cakuɗe ke nan, doki ba zai bambance su ba.

Na huɗu, kafin a ɗora wa ingarma laifin taurin baki, a duba haƙoransa. Turmi mai kaifi, ko gyambo a dasashi, ko sirdin da ke cin baya, duk suna sa doki ya yi ta fizga. Haka ma dokin da ya sha dawa ya kwana biyu a turke.

5.0 Kammalawa

Linzami mai zafi ba ya gyara doki in hannun mahayi bai san saki ba. Dasashin da ake ja kullum yakan yi kanta ya daina ji, sai a nemi ƙarfen da ya fi zafi, har a rasa dokin. Shi ya sa gwanayen hawa, a fada ko a filin ƙwallo, kamazurunsu a sake yake yawancin lokaci. Ɗalibi ya lura da hikimar harshe a nan: Bahaushe yana cewa a riƙe ragamar mulki, amma linzami ja masa ake yi, kuma sai ga wanda ya wuce gona da iri.