Jamusanci ga Mafara: Ƙananan Kalmomin da ke Riƙe da Jimla

Babu wani bakon abu a sunan Jamus ga mai sauraron rediyo a Birnin Kudu ko Gwaram, domin tun 1963 Sashen Hausa na DW yake watsa shirye-shiryensa. Alaƙar ma ta girmi rediyon. A 1851 Heinrich Barth ya shigo Kano, sannan a 1862 wani Bajamushe, James Frederick Schön, ya wallafa littafin nahawun Hausa. Yanzu kuma matasanmu ne ke leƙen harshensu, musamman masu karatun aikin jinya, saboda asibitocin Jamus na fama da ƙarancin ma'aikata. Sai dai galibi ba a amince wa ma'aikacin jinya ya kama aiki a can sai ya kai matakin B2 a harshen, matakin kuwa daga nahawu ake fara hawansa.

Abu na farko shi ne jinsi. Hausa na da namiji da mace, Jamusanci kuwa na da uku: der, die da das. Wani lokaci mukan dace da su: rana mace ce a wurinmu, haka die Sonne, wata namiji ne, haka der Mond. Amma yarinya, das Mädchen, tana cikin jinsi na uku. Don haka kada ka haddace suna shi kaɗai, haɗa shi da 'yar kalmar da ke gabansa.

Na biyu, a jimla mai ba da labari aikatau yana zama a gurbi na biyu. Ich fahre heute nach Gwaram, wato zan tafi Gwaram yau. In ka fara da "yau", sai ta koma Heute fahre ich nach Gwaram. Aikatau fahre bai motsa ba, "ni" ne ya koma bayansa. In kuma weil, wato "saboda", ta shigo, aikatau ya tafi can ƙarshe: weil ich nach Gwaram fahre.

Na uku shi ne abin da ya fi firgita ɗalibai, wato halaye huɗu na suna. A nan ma Bahaushe na da abin kamawa. Nominativ shi ne mai aikatawa, Akkusativ kuwa wanda aikin ya faɗa wa. Der Lehrer ruft den Schüler na nufin malami yana kiran ɗalibi. Lura da yadda der ta zama den a gaban ɗalibi. Ko an juya an ce Den Schüler ruft der Lehrer, malamin ne dai ke kira. A Hausa kuwa da zarar ka sauya musu wuri ka sauya magana.

Dativ ya yi kama da "wa" tamu. Ich kaufe dem Kind ein Buch, ina saya wa yaro littafi. Genitiv kuma shi ne mallaka, irin "-n" da "-r" da muke liƙawa a "littafin malami" da "rigar Binta": das Buch des Lehrers.

Ka ga ke nan sunan namiji yana bin der, den, dem, des. Mace da jinsi na uku ba sa sauyawa tsakanin Nominativ da Akkusativ, aiki ya ragu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ware littafin rubutu guda, kullum ka gina jimla biyar da abubuwan da kake gani, kasuwa, makaranta, gona. Kowace jimla ka tambaye ta: wa ya yi, me aka yi, wa aka yi wa, na wane ne? DW na da darussan koyon Jamusanci kyauta a intanet, ana iya bin su a wayar hannu. Ka samu aboki ɗaya ku riƙa duba wa juna aikin a ƙarshen kowane mako.