Sashen da Kasuwa ke Biyo Ɗalibai Har Cikin Aji

A wata jami'a ta Arewa, zauren laccar 'yan tattalin arzikin kasuwanci kan cika tun kafin ƙarfe takwas na safe. Wanda ya makara sai ya laɓe a bakin taga yana rubutu a tsaye. Da yawansu 'ya'yan 'yan kasuwa ne, wasu ma sun daɗe da fara juya nasu kuɗin: ga mai sayar da turaren wuta da atamfa a ɗakin kwanan ɗalibai mata, ga mai teburin POS a bakin ƙofar makaranta, ga wanda ke tsaron shagon yayansa a Kantin Kwari duk lokacin hutu.

Shekarar farko ce ke tankaɗe da rairaya. Yaro ya zo da zaton za a koya masa sirrin yin kuɗi, sai ya tarar da lissafi da ƙididdiga da ilimin akanta. Nan ne jikin wasu ke yin sanyi.

Waɗanda suka jure kuwa, ƙasar da kanta ta yi ta ba su darasi. A farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin naira, takardun kuɗi suka yi wahala, har kaya ɗaya ya zama yana da farashi biyu, na kuɗi hannu da na taransifa. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuma a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Malami ba ya buƙatar dogon bayani a irin wannan yanayi. Ya isa ya ce: ka saro katan a naira dubu 10, ka sayar dubu 12, ka koma sari ka tarar ya kai dubu 13. Ka ci riba ko ka faɗi? Sai aji ya kaure da musu, domin kusan kowa ya san wani ɗan'uwa da littafinsa ke nuna riba, alhali kantarsa na ta raguwa, uwar kuɗi na zagwanyewa. A ganina wannan tambaya kaɗai ta cancanci zangon karatu guda.

Inda sashen ke da rauni shi ne littattafai. Yawancinsu daga Amurka da Ingila suke, misalansu na kamfanonin da ke rubuta kowane kwabo. Ba su san dillali ba, ba su san bashin da ake bayarwa a kan amana ba tare da takarda ba, ko mai ajiye gero da kaka yana jiran damina ta yi nisa. Malaman da suka damu su ne ke cike wannan giɓi. Sukan tura 'yan shekarar ƙarshe kasuwar hatsi ta Dawanau ko kasuwar Singa su tattaro farashi don kundin bincikensu. Aikin ba sauƙi: ɗan kasuwa na ganin matashi da biro da takarda yana tambayar ciniki, sai ya ɗauka jami'in haraji ne, ya ja bakinsa. Dole ɗalibi ya koyi gaisuwa da zama da bi ta hannun shugabannin kasuwa.

Darasin kuɗin ruwa ma ba ya wucewa shiru. Ana kawo zancen murabaha da mudaraba, da bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, a yi ta muhawara har lokaci ya ƙure.

Bayan shekara huɗu da bautar ƙasa, kaɗan ne ke samun aikin banki ko na gwamnati. Mafi yawa shagon gida suke komawa, kuma rigimar farko da sukan yi da Baba ita ce ta raba kuɗin cefane da kuɗin shago, da yanka wa kowa albashi, har da shi Baban.