Silima Impero ta Asmara: ginin da rashin kuɗi ya tsare

A kan babban titin Harnet, tsakiyar birnin Asmara na ƙasar Eritiriya, akwai wani tsohon gidan silima da ake kira Impero. Nasarun Italiya ne suka gina shi a shekarar 1937, bisa zanen Mario Messina. Sunan kansa alfahari ne, domin ma'anarsa "daula": a 1936 ne Musolini ya ci ƙasar Habasha da yaƙi, ya yi shelar daularsa. A wancan zamani dokokin wariyar launin fata sun raba birnin, tsakiya ta nasaru, ƴan ƙasa kuwa sai unguwannin gefe.

Daular ba ta yi ƙarko ba, sojojin Ingila suka karɓe Asmara a 1941. Ginin kuwa yana nan tsaye.

Me ya tsare shi? Kowane ɗan kasuwa ya san darajar fili a tsakiyar birni, ya kuma san gidan silima fili ne makeke wanda ba ya kawo ribar da jerin kantuna ke kawowa. Wannan lissafi ne ya cinye gidajen silima da dama a biranenmu, wasu aka rushe, wasu suka koma wurin ajiyar kaya. A Asmara lissafin bai samu mai yin sa ba. Shekara 30 aka yi ana yaƙin neman ƴanci, daga 1961 zuwa 1991, babu attajirin da zai zuba dukiya ya rushe ya sake gini. Abin da ya talauta birnin shi ya bar masa gine-ginensa.

Bayan samun ƴanci a 1993, hukumomi suka zaɓi riƙe wannan gado, ko da yake na ɗan mulkin mallaka ne. A ganina sun yi daidai, don gumin leburori ƴan ƙasa na cikin bangon. A 2001 aka hana sabon gini a tsohuwar tsakiyar birnin, sannan a watan Yuli na 2017 hukumar UNESCO ta sa Asmara cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Sai dai dokar da ta tare mai rushewa ba ta toshe yoyon rufi. Ginin da ya haura shekara 80 yana son gyaran rufi da wayoyin lantarki da kujeru, kuma bisa yarjejeniyar UNESCO ta 1972, nauyin kula da irin wannan wuri yana wuyan ƙasar da ta mallake shi.