Jita-jitar da ke rushe gini, da wadda ke mutuwa a kotu

A ƙarshen Disambar 2020 wata takardar talla ta karaɗe Twitter da WhatsApp, tana gayyatar jama'a bikin baɗala a Kaduna. Kafin sabuwar shekara ta kama, hukumar tsara birane ta jihar, KASUPDA, ta kai katafila Sabon Tasha, a kudancin kogin Kaduna, ta rushe gidan abinci na Asher. Da farko hukumar ta ce saboda bikin ne. Da surutu ya yi yawa, sai ta koma cewa ginin ya saɓa ƙa'idar izini. Masu wurin sun ce ba su da hannu a tallan, amma babu alƙalin da ya ji ta bakinsu kafin a mayar da shi kufai.

Haka hukunci ke sauri idan ya faɗa kan marar gata. Ko jarumar fim Rahama Sadau, 'yar Kaduna, da duk sunanta, cikin 'yan kwanaki ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ta kore ta daga Kannywood a Oktoban 2016, saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ.

A sama kuwa lamarin daban ne. A 2018 jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki bidiyon da ta ce Gwamnan Kano Abdullahi Ganduje ne ke cusa daloli a aljihu. Ganduje ya musanta. Majalisar dokokin jihar ta kafa kwamitin bincike, kotu ta dakatar da shi, sashe na 308 na tsarin mulki kuma ya hana a gurfanar da gwamna mai ci. A 2023 Ganduje ya zama shugaban APC na ƙasa.

Tushen matsalar ke nan: hukumomin da ya kamata su tantance zargi suna ƙarƙashin waɗanda ake zargi, ƙungiyoyin sana'a kuma sun fi damuwa da wanke sunansu. Da mutane suka ga bincike ba ya kaiwa ƙarshe, sai majalisar mai shayi da wayar hannu suka zama kotu.

Abin takaicin shi ne wannan kotu ba ta wanke kowa. Babban da bai yi laifi ba zai mutu da tabo, wanda ya yi kuma ya fake da cewa sharrin maƙiya ne. A Kaduna, garin da rikicin 2000 da na 2002 suka raba mazaunansa gida biyu, kudu da arewacin kogi, zance marar tushe kan ɗauki launin addini kafin hukuma ta buɗe baki.