Alkawuran Ƙasashen Duniya Kan Sauyin Yanayi da Matsalar Kwal: Bayani Ga Jama'ar Karkara da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Fiye da shekara talatin ke nan shugabannin ƙasashen duniya suna taruwa domin tattauna yadda za a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. A kowane taro akan ɗauki alkawari, a sa hannu, a watse, amma idan aka waiwaya sai a tarar abin da aka aiwatar bai kai wanda aka faɗa ba. Hausawa na cewa alkawari kaya ne, kuma wannan kaya ya yi wa ƙasashe da dama nauyi. Mun shirya wannan bayani ne domin manoma da makiyaya da masu riƙe da sarautun gargajiya da jami'an ƙananan hukumomi su fahimci mene ne aka yi alkawari, me ya hana a cika, wace rawa kwal yake takawa a ciki, sannan ta yaya lamarin ya shafi gonakinmu da lafiyarmu.

Alkawuran da aka ɗauka

A shekarar 1992 aka amince da yarjejeniyar farko ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi a birnin Riyo na ƙasar Brazil. A 1997 aka ƙulla yarjejeniyar Kyoto a Japan, wadda ta ɗora wa ƙasashe masu arzikin masana'antu nauyin rage hayaƙinsu. Amurka ba ta tabbatar da ita ba, Kanada kuwa ta sanar da ficewarta a 2011.

A taron Kofanhagan na 2009, ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin cewa kafin shekarar 2020 za su riƙa samar wa ƙasashe masu tasowa dala biliyan 100 a kowace shekara. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ga wannan adadi ba. Sai a 2022 ne ƙididdigar ƙungiyar ƙasashe masu arzikin ta nuna an cimma shi, kuma kaso mai yawa na kuɗin bashi ne da za a biya.

A 2015 aka ƙulla yarjejeniyar Paris, wadda kusan dukkan ƙasashen duniya suka shiga. An amince cewa ƙaruwar zafin duniya, idan aka kwatanta da zamanin da ba a kafa manyan masana'antu ba, ta tsaya ƙasa da digiri 2 a ma'aunin Salshiyas, kuma a yi ƙoƙari kada ta wuce digiri 1.5. Kowace ƙasa ce za ta rubuta nata shirin na rage hayaƙi, ta kuma sabunta shi duk bayan shekara biyar.

Inda aka kwana

Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta tabbatar cewa 2024 ta fi dukkan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, inda zafin ya haura na wancan zamani da kimanin digiri 1.55. Shekara ɗaya ba ta isa a ce an karya iyakar da aka yanke a Paris ba, domin ana auna iyakar ne da matsakaicin shekaru masu yawa, amma alama ce ta cewa an zo bakin gaɓa. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2025 ya nuna cewa idan aka ci gaba da manufofin da ake kai, zafin zai ƙaru da kimanin digiri 2.8 kafin ƙarshen wannan ƙarni. Ko da an cika dukkan sababbin alkawuran, zai tsaya ne tsakanin 2.3 da 2.5. Ma'ana, alkawuran kansu sun gaza abin da ake buƙata, aikin kuma ya gaza alkawuran.

An ba ƙasashe wa'adin watan Fabrairun 2025 su miƙa sababbin shirye-shiryensu, amma ƙalilan ne suka cika wa'adin. Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da wannan hayaƙi idan aka haɗa na tarihi, ta fice daga yarjejeniyar Paris a 2020, ta dawo a 2021, sannan a Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin sake ficewa.

Mene ne kwal, kuma me ya sa shi ne ƙashin bayan matsalar?

Yana da kyau mu bambanta kwal da gawayin da muka sani. Gawayi daga itace ake yin sa, kwal kuwa baƙin dutse ne da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, wanda ya samu daga tsirran da suka nitse tun miliyoyin shekaru. A tashar wutar lantarki ana ƙona shi a tafasa ruwa, tururin ya juya manyan injina, su kuma su samar da wuta. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na wutar lantarkin duniya daga kwal ake samunta. Ƙasar Sin kaɗai tana ƙona fiye da rabin kwal ɗin da ake amfani da shi a duniya. A Indiya kimanin kashi 70 cikin ɗari na wuta daga kwal take fitowa, a Afirka ta Kudu kuwa ya kai kimanin kashi 80.

A cikin dukkan makamashin da ake haƙowa, kwal ne ya fi fitar da iskar kabon. Domin samar da wuta daidai gwargwado, yana fitar da kusan ninki biyu na abin da iskar gas ke fitarwa. Ita wannan iska ta kabon takan taru a sararin sama ta hana zafin ƙasa fita, tamkar bargon da aka lulluɓa wa mutum a watan bazara, kuma wani kasonta yakan daɗe ɗaruruwan shekaru. Saboda haka babu yadda za a cika alkawarin Paris matuƙar ba a rage ƙona kwal ba.

A taron Gilasgo na 2021 an so a rubuta cewa za a daina amfani da kwal baki ɗaya. A sa'o'in ƙarshe Indiya, tare da goyon bayan Sin, ta nemi a sassauta lafazin ya koma rage amfani da shi sannu a hankali, kuma haka aka yi. Bayan shekara uku, Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana cewa kwal ɗin da aka yi amfani da shi a 2024 ya kai kusan tan biliyan 8.8, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan.

Illar hayaƙin kwal ga lafiya

Kwal yana cutarwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce ɗumamar da muka ambata, wadda ke shafar na nesa da na kusa. Ta biyu kuwa tana faɗa wa maƙwabtan tasha ne kai tsaye. Hayaƙinsa yana ɗauke da sinadaran farar wuta da zaiba da kuma wata ƙura mai tsananin ƙanƙanta, wadda silin gashin mutum ya ninka ta kauri kusan sau talatin. Wannan ƙura tana ratsa huhu ta shiga jini, ta haddasa asma da ciwon huhu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

A watan Disambar 1952 hayaƙin kwal ya lulluɓe birnin Landan har kwana biyar. Da farko an ƙiyasta mutum 4,000 ne suka mutu, binciken da aka yi daga baya ya kai adadin kusan 12,000, kuma hakan ne ya sa aka kafa dokar tsaftace iska a 1956. A nan nahiyarmu, a watan Maris na 2022, wata babbar kotu a Piritoriya ta yanke hukuncin cewa gurɓatar iska a yankin Haibeld, inda yawancin tashoshin kwal na Afirka ta Kudu suke, ta tauye wa mazauna yankin haƙƙin da tsarin mulki ya ba su na zama a muhalli mai lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska, ta waje da ta cikin gida, tana sanadin mutuwar kimanin mutum miliyan 7 a kowace shekara.

Me ya hana cika alkawari?

Dalili na farko shi ne yarjejeniyar Paris ba ta tanadi hukunci ga wanda ya saɓa ba. Na biyu, tashar kwal takan yi shekara arba'in tana aiki, kuma da yawa daga cikin na nahiyar Asiya sababbi ne, masu su ba za su so a rufe su kafin su mayar da kuɗinsu ba. Na uku, miliyoyin iyalai a Sin da Indiya da Indonesiya da Afirka ta Kudu da wannan sana'a suke ci. Na huɗu, idan makamashi ya yi ƙaranci akan ajiye alkawari gefe, kamar yadda Jamus ta sake kunna wasu tashoshinta na kwal a 2022 bayan yaƙin Ukraine ya katse mata iskar gas daga Rasha. Na biyar shi ne jayayyar wa zai biya. Ƙasashe masu tasowa suna cewa waɗanda suka yi arziki da kwal su ne ya kamata su ɗauki nauyin gyara. A taron Baku na 2024 an amince da dala biliyan 300 a shekara kafin 2035, amma ƙasashe masu tasowa da dama sun ce bai kai buƙatarsu ba.

Duk da haka akwai shaidar cewa barin kwal mai yiwuwa ne. Birtaniya, inda aka buɗe tashar kwal ta farko mai ba jama'a wuta a 1882, ta rufe tasharta ta ƙarshe ranar 30 ga Satumbar 2024. Kuɗin samar da wuta daga hasken rana kuma ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020.

Yadda lamarin ya shafe mu

Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ɗin duniya. Wutar Najeriya mafi yawa daga iskar gas take, sai madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro, ko da yake an gano kwal a yankin Enugu tun 1909. Akan ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a wannan lamari wasu ne suka ɗebo, bakin wasu ke ƙuna. Iska ba ta san iyakar ƙasa ba, kuma masana sun bayyana cewa ƙaruwar zafi tana tsananta zafin bazara, tana kuma sa ruwan sama ya riƙa zubowa da yawa cikin ɗan lokaci. Ambaliyar 2022 ta halaka fiye da mutum 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallansu. A Satumbar 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri. Ba sauyin yanayi kaɗai ne sanadin irin wannan ba, domin toshewar magudanai da gini a hanyar ruwa da rashin kula da madatsai suna da nasu kaso, kuma wannan kason a hannunmu yake.

Ƙasarmu ma tana da nata alkawarin. A Gilasgo, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar cewa kafin 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya kawarwa, kuma a Nuwambar 2021 ya sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi. Amma har yanzu ana ƙona iskar gas a banza a yankin Neja Delta, duk da wa'adodin da aka sha sanyawa.

Abin da ya rage gare mu

Tun da an ga yadda alkawuran suke tafiya, bai kamata mu jingina shirinmu a kansu ba. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da malaman gona da su riƙa isar wa manoma hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, cikin harshen da suke ji, domin su san lokacin shuka da irin da ya dace. A yashe magudanai kafin ruwa ya sauka, kada kuma a yanka wa kowa fili a hanyar ruwa. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su taimaka wajen hana ƙona daji da sare itatuwa barkatai, a kuma kula da tsiron da ke fitowa da kansa a gonaki, musamman gawo.

Haka kuma yana da muhimmanci a riƙa rubuta asarar da aka yi bayan kowace ambaliya ko fari: yawan gidaje da kadada da dabbobi, da ranar da abin ya faru. A taron Masar na 2022 an amince da kafa asusun tallafa wa ƙasashen da sauyin yanayi ya yi wa ɓarna, kuma duk mai neman irin wannan tallafi sai ya zo da hujja a rubuce.

Game da iskar da muke shaƙa, namu hayaƙin daga murhu da janareta da juji yake fitowa. A yi girki a wurin da iska ke ratsawa, a nisanta ƙananan yara daga bakin murhu, a yi amfani da busasshen itace da murhu mai tsimin makamashi ko tukunyar gas ga mai hali. Kada a kunna janareta a cikin ɗaki ko zaure. A daina ƙona robobi a cikin unguwa da yin babbaka da tayar mota a mahauta. Wanda tari ya ƙi sakinsa, musamman lokacin hunturu, ya je asibiti.

Kammalawa

Rufe tashoshin kwal na manyan ƙasashe ba ya hannunmu, sai dai wakilan ƙasarmu su ci gaba da neman haƙƙinmu a tarukan duniya. Gyaran magudanai da kiyaye itatuwa da tsaftace iskar gidajenmu kuwa aiki ne da kowace ƙaramar hukuma da kowane magidanci zai iya farawa kafin damina mai zuwa, kuma rigakafi ya fi magani.